TUKUNYAR DUNIYA: Kaza Mai Miya Biyu, Girkin Mutanen Kiriyol

A wannan wata filin girki ya leƙa ƙasar Amurka, cikin wani birni da a ke kira Niyu Orliyans. Faransawa suna ce masa Nubel Orleyan. Mutanen birnin sun yi suna wajen iya miya. Suna da wani girki na kaza da su ke kira Kaza Roshambo. Miya biyu a ke yi masa, ɗaya ja, ɗaya rawaya. Miyar ja ta garin alkama ce da romo. Miyar rawaya ta ƙwai ce da man shanu. Kusan duk kayan haɗin suna nan cikin gidan manomi da rugar makiyayi. Abu guda ne a ciki wanda Musulmi ba ya ci, kuma za a faɗi abin da a ke sawa a madadinsa.

Su wane ne Kiriyol?

Birnin Niyu Orliyans yana bakin babban kogin Misisipi, cikin jihar Luwiziyana, kusa da teku. Faransawa suka kafa shi a shekarar 1718. A 1719 jiragen ruwa suka fara kawo bayi daga Afirka. A zamanin mulkin Faransawa, yawancin waɗannan bayin daga yankin kogin Senegal da kogin Gambiya aka kwaso su. Cikinsu akwai manoman shinkafa, kuma da iliminsu aka fara noman shinkafa a Luwiziyana. Daga baya Ispaniya ta mulki ƙasar wajen shekara 40. A 1803 Napoleyon na Faransa ya sayar da ita ga Amurka a kan dala miliyan 15. A 1809 mutane kusan 10,000 suka ƙaru a birnin, waɗanda asalinsu daga tsibirin Hayiti su ke.

Ƴaƴa da jikokin waɗannan mutane, waɗanda aka haifa a can, su a ke kira Kiriyol. Akwai farare cikinsu, akwai baƙaƙe, akwai ruwa biyu. Girkinsu ma haka ya ke, gauraye ne. Faransawa suka kawo dabarar miyar man shanu da garin alkama. Mutanen Afirka suka kawo shinkafa da kuɓewa. Har yau babbar miyar birnin sunanta gumbo, kuma sunan daga kalmar kuɓewa ya fito, a harsunan yankin Angola da Kongo. Ita ce kalmar gombo da a ke ji a bakin masu jin Faransanci a kasuwar Yamai ko ta Maraɗi. A manyan gidaje na birnin, baƙaƙen mata da maza ne suka daɗe suna tsaye gaban murhu, tun zamanin bauta har bayan da aka hana ta a 1865. Hannunsu ne ya raya wannan girki.

Inda sunan ya fito

Roshambo sunan wani janar ne na sojan Faransa. A 1780 ya isa Amurka da soja fiye da 5,000, don ya taimaki Amurkawa a yaƙinsu na neman ƴanci daga Ingila. A 1781 shi da Janar Washinton suka ci nasara a garin Yoktawun. Don girmama shi aka sa wa girkin sunansa. Gidan abincin da ya fi suna da wannan kaza shi ne Antoine's. Wani saurayi da ya zo daga Faransa, Antuwan Alsiyator, ya buɗe shi a 1840, kuma har yanzu zuriyarsa ce ke riƙe da shi.

Ga yadda a ke jera girkin a can. A ƙasa a sa yanki guda na jambon. A zuba masa miyar ja mai ɗan zaƙi da ɗan tsami. A ɗora tsokar kaza bisa. A rufe da miyar rawaya, wadda a ke kira beyarnez, daga sunan yankin Beyarn na kudancin Faransa. Wasu gidajen su kan fara sa gasasshen burodi a can ƙasa don ya sha miyar.

Maganar jambon

Jambon cinyar alade ce da aka sa wa gishiri aka yi bandarta. Haramun ce ga Musulmi. Abincin wani, gubar wani. Wasu masu girki a can su kan zuba giyar inabi cikin miyar ja, ita ma haramun ce. Duk wanda ya je birni ko wata ƙasa ya ga kalmar jambon a jikin gwangwani ko a takardar gidan abinci, ya san abin da ta ke nufi.

Amma a duba aikin da jambon ke yi cikin kwano. Gishiri ya ke kawowa da ƙanshin hayaƙi, don tsokar kaza ita kaɗai ba ta da ƙarfin ɗanɗano. Naman shanu ko na rago da aka yi banda zai yi wannan aikin sarai. Kilishi ma zai yi, in an jiƙa shi da ruwan ɗumi ya yi laushi. A Niyu Orliyans ɗin ma, waɗanda ba su cin alade su kan sa bandar talotalo. Giya kuwa ba dole ba ce. Miyar ja ta gidan Antoine's da binegar da sukari a ke ɗaure ta. In babu binegar, lemun tsami ko ruwan tsamiya ya isa.

Kayan haɗi na mutum 6

Kaza 1, sagara ko ɗan zakara da bai tsufa ba
Bandar nama ko kilishi, yanka 6, kowane kamar tafin hannun yaro
Albasa 3 manya
Tafarnuwa ƙwaya 3
Garin alkama, wato farin, cokali 3
Man gujiya cokali 5
Man shanu cokali 12
Ƙwan kaza 3, ko ƙwan zabo 4
Binegar cokali 6, ko lemun tsami 3
Sukari cokali 1
Ganyen ɗoɗɗoya ko lawashi, ɗan kaɗan
Gishiri da masoro
Burodi ko dafaffiyar shinkafa

Cokalin da a ke nufi shi ne babba, na cin shinkafa. Kada a yanka kaza marar lafiya don wannan girki ko don wani. Tsohuwar kaza kuwa ta farfesu ce, ba za ta yi laushi a suya ba.

Aiki na fari: romo

A fige kaza a wanke ta da kyau. A fitar da tsokar ƙirji da ta cinya da wuƙa mai kaifi, a raba su kashi 6. A barbaɗa musu gishiri da masoro, a rufe a aje a inuwa. A wanke wuƙa da hannu da sabulu bayan an taɓa ɗanyar kaza, kafin a taɓa wani abu.

Ƙasusuwa da wuya da fukafukai da ƙafafu, kada a yar da su, kada a ba kare. A zuba su cikin tukunya da ruwa litar 1 da rabi. A sa rabin albasa da tafarnuwa. In ya tafasa a kwashe kumfar da ta taso, a janye icce, a bar shi yana ɗan motsi har awa 1. Ruwan zai ragu ya koma wajen rabin litar ko fiye kaɗan. A tace. Wannan romon shi ne uwar miya. Masu girkin Kiriyol ba su yin miya da ruwan banza in akwai ƙashi a gida.

Aiki na biyu: miyar ja

Nan ne babbar dabarar Kiriyol ta ke. Sunanta ru. Garin alkama ne da mai, daidai wa daida, a ke soyawa tare.

A ɗora tukunya mai kaurin gindi a wuta marar ƙarfi. A zuba man gujiya cokali 3. In ya yi zafi a zuba gari cokali 3. A yi ta juyawa da muciya ko cokalin icce, ba tsayawa. Da fari garin fari ne. Sannan ya koma launin rairayi. Bayan minti 10 ko 15 zai yi launin ƙuli-ƙuli, ƙanshinsa kamar na soyayyar gujiya. Nan a ke so ya tsaya.

Mai girki kada ta bar tukunya ta tafi ɗiban ruwa ko amsa sallama. In gari ya ƙone, baƙaƙen ɗigo za su fito a ciki, kuma miyar za ta yi ɗaci. Ƙonannen ru ba ya gyaruwa. Sai a zubar a wanke tukunya a sake. A kuma nisanta yara daga murhu, don ru ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata.

Da ya yi launin da a ke so, a zuba yankakkiyar albasa 2. Albasar za ta rage zafin tukunya, ta hana garin ci gaba da ƙuna. A juya har ta yi laushi. A sa sukari cokali 1 da binegar cokali 2, ko ruwan lemun tsami 1. Sannan a kawo romo. A zuba shi ludayi ɗaya ɗaya, ana juyawa, kamar yadda a ke yi wa talge don kada ya yi gudaji. In romon ya ƙare a bar miyar ta dahu a hankali minti 20. A ɗanɗana gishiri. Ta yi in ta kama bayan cokali ba ta zube nan take ba. A sauke a aje gefen murhu.

Me ya sa a ke soya garin? Ɗanyen gari yana ba miya kauri, amma yana barin ɗanɗanon ƙullu a baki. Suya ke kashe wannan ɗanɗano ta kawo ƙanshi. Sai dai iyakar jan da gari ya yi, iyakar raguwar ƙarfinsa na kaurara miya. Shi ya sa launin ƙuli-ƙuli ya dace da wannan girki.

Aiki na uku: kaza da banda

A zuba sauran man gujiya a kasko. A jera tsokar kaza, gefen fata a ƙasa. Kada a yi ta juya ta. A bar gefe guda ya yi ja, sannan a juya. In duka gefen biyu sun yi ja, a zuba romo ko ruwa cokali 4, a rufe, a rage wuta. Kazar gida ta fi ta gidan gona tauri, tana son minti 20 ko 30 a rufe. A soka wuƙa a wuri mai kauri. In ruwan da ya fito garau ne, ba ja, ta dahu. Masu awo da na'ura suna cewa cikin tsokar ya kai digiri 74.

A kwashe kaza a rufe. A cikin wannan kasko a ɗumama bandar nama ko jiƙaƙƙen kilishi, minti 2 kowane gefe. Abin da ya manne a gindin kasko, a zuba masa ruwa kaɗan a kankare, a juye cikin miyar ja. Daɗi ne, ba datti ba.

Aiki na huɗu: miyar rawaya

Ita a ke yi a ƙarshe, lokacin da masu ci sun riga sun wanke hannu. Ita ce ta fi wuya, ita ce kuma ta fi cin kuɗi. In ta lalace, man shanu cokali 12 ya tafi.

Da fari a gwada ƙwai. A sa shi cikin ƙwaryar ruwa. Sabo yana nutsewa ya kwanta. Wanda ya taso bisa ruwa ya tsufa, a yar da shi. Wanda ɓawonsa ya tsage shi ma kada a sa shi. Da damina, lokacin da zabi ke yin ƙwai da yawa, sabon ƙwai bai da wuyar samu.

A narka man shanu a wuta har ya tafasa, kumfa ta kwanta. Wannan tafasa tana kashe ƙwayoyin cutar da kan zo daga ɗanyar madara. A tsiyaye mai mai kyau, a bar gurɓin a ƙasa. A bar shi ya huce har yatsa ya iya zama a ciki.

A yanka sauran rabin albasa ƙanana ƙanana. A dafa ta da binegar cokali 4 da masoro har ruwan ya ragu ya koma cokali 2. A bar shi ya huce. Mai aiki da lemun tsami ta dafa albasar da ruwa kaɗan, sannan ta matsa lemun 2 bayan an sauke. Mutanen Niyu Orliyans suna sa wani ganye mai ƙanshi da a ke kira estaragon. Ba a cika samunsa a kasuwannin karkara ba. Ɗoɗɗoya ko lawashi za su ba da nasu ƙanshin.

A fasa ƙwai a ware gwaiduwa daga farin. A aje farin don a soya wa yara. A zuba gwaiduwa cikin kwanon tasa tare da ruwan tsamin nan da ruwa cokali 1. A ɗora tukunya da ruwa kaɗan a wuta. In ruwan ya yi zafi yana tururi, amma bai tafasa ba, a ɗora kwanon a bakin tukunyar. Gindin kwano kada ya taɓa ruwa. Tururi kaɗai a ke so.

A yi ta burgawa da maburgi mai tsabta. Bayan ƴan mintoci gwaiduwar za ta yi haske, ta yi kauri kamar kunu. Sai a fara zuba man shanu. Da fari ɗigo ɗigo. In ya shige, a ƙara rabin cokali. In wannan ya shige, a ƙara. Mutum biyu sun fi yi da sauƙi, ɗaya na zubawa, ɗaya na burgawa. In kwano ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓa shi, a ɗauke shi daga tururi a ci gaba da burgawa a ƙasa. In mai ya ƙare a sa gishiri da yankakken ganye. Miyar za ta yi santsi kamar kindirmo mai kyau, launinta rawaya.

Ga abin da ke faruwa cikin kwanon. Mai da ruwa ba su haɗuwa, kowa ya sani. Gwaiduwa ce ke shiga tsakani. Tana raba man ƙanana ƙanana, ta riƙe shi cikin ruwan. In an zuba mai da yawa gaba ɗaya, ya fi ƙarfinta, sai ya taso bisa. In zafi ya wuce wajen digiri 70, gwaiduwar ta daskare ta zama soyayyen ƙwai, sai ta saki man. Gaggawa da wuta mai ƙarfi su ne masu ɓata wannan miya. Mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa.

In miyar ta fara tsinkewa, mai ya fito a gefe, kada a zubar. A sauke nan da nan, a zuba cokali 1 na dafaffen ruwa mai sanyi, a burga da ƙarfi. Sau da yawa ta kan dawo. In ta ƙi, a fasa sabon ƙwai, a sa gwaiduwarsa a wani kwano mai tsabta da ruwa kaɗan, a riƙa zuba tsinkakkiyar miyar a kai sannu sannu ana burgawa.

Jerawa

A gasa burodi yanka 6 a bisa garwashi, ko a zuba shinkafa a faranti. A ɗora banda. A zuba miyar ja ludayi guda. A ɗora kaza. A zuba miyar rawaya cokali 2 a bisa. Kada a gauraya miyar biyu a tukunya ɗaya. Daɗin girkin shi ne baki ya ji gishirin banda, ya ji zaƙi da tsamin miyar ja, sannan maiƙon miyar rawaya ya biyo baya.

Gargaɗi a kan lafiya

Ƙwan da ke cikin miyar rawaya bai dahu sarai ba. Saboda haka ba a aje ta. Da bazara, in zafi ya yi yawa, a cinye ta cikin awa 1. Ko da sanyi kada ta wuce awa 2. Abin da ya saura a zubar, kada a bar wa mai zuwa da dare. Ba a kuma ɗumama ta. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri cikin ƙwai mai ɗumi, suna kawo zawo da amai, ko da miyar ba ta yi wari ba.

Mace mai ciki, da ƙaramin yaro, da tsoho, da marar lafiya, kada a ba su miyar rawaya. A ba su kaza da miyar ja, a dafa musu ƙwai ya dahu sosai a ɗora a kai. A wasu ƙauyuka har yanzu ana hana yara ƙwai, wai za su zama ɓarayi. Wannan camfi ne. Dafaffen ƙwai abinci ne mai gina jikin yaro, tun daga wata 6 da haihuwa. Gidan da ke kai ƙwai 10 kasuwa zai iya rage 2 don ɗiyansa.

Miyar ja ta fi jurewa. In ta saura, a tafasa ta sosai kafin a sake ci, kuma kada ta kwana in babu firigo.

Abin da zai yi amfani kullum

Kaza Roshambo abincin biki ne, ko a Niyu Orliyans ɗin. A karkara sai ranar Salla, ko suna, ko in babban baƙo ya sauka. Amma romon ƙashi da ru ba su jiran biki. Talakawan Luwiziyana da su su ke miƙa ɗan nama kaɗan ya ishi gida duka. Gari cokali 3, mai cokali 3, albasar Galmi 2 da romo, sun isa su yi miyar da za a zuba wa shinkafa ko wake ko dankali. In an ƙara busasshen kifi ko kuɓewa, an kama hanyar gumbo. In tumatir ya yi tsada kuma ganye ya yi wuya, wannan miya tana fid da uwar gida kunya.

Wadda ba ta taɓa yi ba ta fara da ru. Ta gwada da cokali guda na gari da cokali guda na mai, don in ya ƙone asarar ba ta da yawa. In hannunta ya saba da launi da ƙanshi, sai ta gwada miyar rawaya da ƙwai 1 da man shanu cokali 4. Masu karatu a ajin yaƙi da jahilci su karanta wa matan gida wannan shafi, su kuma aje shi don ranar da za a buƙaci awon.

A wata mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai tsaya a wannan birni, ya kawo bayanin miyar gumbo ta kuɓewa da yadda a ke cinta da shinkafa.